Tsohon kare ya ƙi cin abinci, me za a ba shi? Tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya riƙe kare har ya tsufa a hannunsa ya san ranar nan. Karen da a da kafin ka gama ajiye kwano ya share shi tas, yanzu sai ya zo ya shinshina, ya ɗaga kai ya kalle ka, ya koma ya kwanta. Ga tambayoyin da masu karnuka suka fi yi in abin ya kai nan.

Wai daga shekara nawa ake cewa kare ya tsufa?

Ya danganta da girman jikinsa. Manya-manyan nan irin su Great Dane tun suna shekara 6 zuwa 7 tsufa ya fara kama su, matsakaita wajen 8 zuwa 10, su kuwa ƙananan sai sun kai 10 zuwa 12. Abin kamar a juye yake amma haka ne, ƙaramin kare ya fi babba daɗewa.

Nawa ya rage ci sosai, wane abinci zan sayo mishi?

Tsaya tukuna, kar ka sayi komai. Nan ne yawancin mutane ke yin kuskure, sai ka ga mutum ya canza abinci kala huɗu cikin sati biyu, duk karen ya ƙi, kuɗi sun tafi, ga zawo ya biyo baya saboda yawan canjin. Tsufa shi kaɗai ba ya hana kare ci, akwai abin da ke hana shi, kuma in ba ka gano abin ba to lalube kawai kake a duhu.

Abin da za ka yi shi ne ka zuba mishi abinci ka ja gefe ka zuba ido. In ya zo da ɗoki, ya ɗauka, sai ka ga abincin na zubowa daga bakinsa, ko yana taunawa da ɓangare ɗaya yana karkata kai, ko ya ɗan yi ƙara ya saki, to wannan yana son ci ne bakin ya hana. Ɗaga leɓensa ka duba, za ka ga dasashi ya yi ja, ko datti ya daskare a gindin haƙora, ga wari mai tsanani. Babban kare haƙora 42 gare shi, kuma ciwon dasashi na cikin cututtukan da aka fi samu a jikin karnuka, tun suna shekara 3 ma da yawansu ya fara musu.

In kuma ya zo ya shinshina ya kau da kai, yana ta lasar leɓe, yana haɗiyar yawu ko yawun na dalala, wannan tashin zuciya ne. Shi kuma tashin zuciya a tsohon kare sau da yawa daga ƙoda yake, ko hanta, ko ciki. Akwai na uku, wanda zai tsaya a kan kwanon kamar yana tunani, ya fara sunkuyawa ya fasa, amma da ka ɗebo a hannu ka kai mishi saitin baki sai ya ci. Wannan wuya ne ko gaɓɓai ke mishi ciwo. Ka ga matsaloli uku ne nan, kuma maganin ɗaya bai yi wa ɗaya.

To yaushe abin ya wuce na gida, sai likita?

Tsohon kare in ya yi awa 24 bai sa komai a bakinsa ba, kai shi wajen likitan dabbobi, ba irin matashin kare ba ne da zai yi kwana biyu yana yanga ya dawo garau. Kar ma ka jira awa 24 ɗin in akwai amai, ko zawo da jini, ko ya daina shan ruwa, ko cikinsa ya kumbura, ko dasashinsa ya yi fari fat. Mai ciwon suga da ake yi wa allurar insulin kuwa, ko ci ɗaya ya tsallake ka tuntuɓi likita kafin ka yi mishi allurar, don insulin a kan cikin da ba komai zai iya faɗar da sugansa ya suma.

Wani abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne ruwa. Kare lafiyayye na shan wajen mililita 50 zuwa 60 a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, wato mai kilo 20 lita ɗaya da 'yan kai. In ka ga ci ya ragu amma shan ruwa ya ninka, fitsari ba iyaka, to a gwada jini da fitsari, ƙoda ko suga ake zargi.

Haƙoransa ne matsalar. Busasshen abinci ko na gwangwani?

Mai laushi. Na gwangwani kusan kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari ruwa ne, shi kuwa busasshen mai ƙwaya-ƙwaya wajen kashi 10 ne kawai, don haka na gwangwani ya fi sauƙin haɗiya, ya fi ƙamshi, ga ruwa da yake ƙara mishi a jiki. Amma ba dole sai ka sauya ba, in ya saba da busasshen sai ka zuba ruwan ɗumi a kai ka bar shi minti 10 zuwa 15 ya jiƙu, ka murƙushe da cokali ya zama kamar fate. Ɗanɗanon da ya sani ne, cikinsa ma ya sani. Abu ɗaya kawai, jiƙaƙƙen abinci saurin lalacewa gare shi, in bai cinye ba cikin awa ɗaya zuwa biyu a zubar, a wanke kwanon.

Sai dai fa gaskiya laushin abinci rage zafi ne kawai, ruɓaɓɓen haƙori sai an cire. Mutane na tsoron maganin barcin da ake ba kare kafin aikin, suna cewa ai ya tsufa ba zai farka ba, amma shekaru kaɗai ba sa hanawa, likita zai gwada jini ya saurari zuciya sannan ya yanke. Kuma kare da aka cire wa haƙora, ko da duka ne, yana cin abincinsa lafiya lau, dama su ba wani tauna suke sosai ba, haɗiya ce. Bakin da ba haƙori ya fi bakin da ke ciwo.

Likita ya ce bakinsa ƙalau, kawai dai ba ya sha'awa. Ya zan jawo hankalinsa?

Ta hanci. Kare da hanci yake fara cin abinci, kuma tsufa na rage jin ƙamshi, shi ya sa abinci mai sanyi daga firij a wajensa kamar ba komai a kwanon. Ɗumama shi ya kai kusan zafin jikinsa, wajen digiri 38, ka juya sosai ka taɓa da yatsa don maikurowef na barin wani gefe da zafi wani da sanyi. Za ka iya zuba ɗan romon kaza wanda aka dafa da ruwa zalla, ba gishiri ba albasa ba ɗanɗano, ko ka marmasa dafaffen ƙwai a kai, ko ɗan kifin sadin na cikin ruwa. Kaɗan fa, don ƙamshi, ba wai ya zama shi ne abincin ba.

Sannan a rage yawa a ƙara sau. Maimakon babban kwano sau biyu, a yi ƙanana sau uku ko huɗu. Tulin abinci na kashe wa mara lafiya gwiwa, ko mu mutane haka ne.

Na ji an ce a rage wa tsohon kare nama saboda ƙoda, haka ne?

Wannan magana ta daɗe tana yawo kuma ta cuci karnuka da yawa. Tsohon kare mai lafiyar ƙoda furotin yake buƙata, har ma fiye da lokacin da yake tsakiyar ƙarfinsa, saboda tsokarsa na zaizayewa. Duba cinyoyinsa na baya da saman kansa da gadon bayansa, in ka ga sun faɗa, ƙashi ya fito, to tsoka ce ke tafiya, kuma in ka rage mishi furotin ka ƙara mata gudu ne. Ga shi tsokar nan ita ke riƙe da gaɓɓan da dama ciwo suke.

Inda maganar take gaskiya shi ne in an gwada an tabbatar ƙodar ta taɓu. Nan likita zai sa shi a kan abinci na musamman mai ƙarancin fosfaros, wani sinadari da ƙoda mai ciwo ke kasa tacewa, da furotin daidai misali amma mai kyau. Matsalar ita ce abincin ƙoda ba shi da daɗi sosai, don haka kar a fara ba shi ranar da yake fama da tashin zuciya, zai iya haɗa warin abincin da ciwon ya tsane shi. A bari zuciyar ta kwanta tukuna a shigo da shi a hankali.

In na ga buhu an rubuta na tsofaffin karnuka ne, ba shikenan ba?

A'a. Ƙungiyar AAFCO ta Amurka mai tsara ma'aunin abincin dabbobi, wadda kamfanoni da yawa ke bin ma'auninta, tana da ƙa'ida ta 'yan kwikwiyo da masu ciki, tana da ta manyan karnuka, inda ta ce furotin kar ya gaza kashi 18 cikin ɗari in an cire ruwa, amma ba ta da wata ƙa'ida daban ta tsofaffi. Kenan kowane kamfani abin da ya ga dama yake nufi da kalmar. Kuma da yawan irin abincin nan an yi su ne don tsohon kare mai ƙiba da ba ya motsi, an rage kalori an ƙara harza. Kai kuma naka ramewa yake, da kyar yake cin rabin kwano, ka ga in ka ba shi wannan ka ƙara rama shi. Wanda ke cin kaɗan abinci mai nauyi yake so, wanda loma kaɗan za ta ba shi ƙarfi da yawa. Juya buhun ka karanta kalori da furotin, ka rabu da hoton karen da ke gaba.

Nawa ne ya ishe shi a rana?

Likitoci na da lissafi, kare mai kilo 10 na buƙatar wajen kalori 400 a rana ko da kwance yake ba ya komai, mai kilo 20 wajen 660, sai a ƙara a kai gwargwadon motsinsa. Amma hannunka ya fi lissafi. Shafa haƙarƙarinsa, ya kamata ka ji ƙasusuwan ba tare da ka danna ba, amma kar ka hango su daga nesa. Ka riƙa auna shi duk sati biyu kana rubutawa, don idon da ke ganin kare kullum ba ya gane rama sai ta yi nisa. In ya zubar da kashi 10 cikin ɗari na nauyinsa ba da niyya ba, wato mai kilo 20 ya koma 18, a koma wajen likita.

In za ka canza abinci kuma, ka ɗauki kwana 7 zuwa 10, ka fara da kwata na sabon a cikin tsohon, sai rabi, sai kashi uku cikin huɗu.

In dafa mishi da kaina fa?

Dafaffiyar kaza ba fata ba ƙashi da farar shinkafa na da kyau na kwana biyu ko uku, in ciki ya ɓaci. Amma ba abincin wata da watanni ba ne, babu isasshen kalsiyam da wasu bitamin a ciki. In kana son ɗorewa a kan girkin gida sai likita ya tsara maka. Ɗanyen nama kuma ni ban goyi baya ba ga tsohon kare, garkuwar jikinsa ta yi rauni, ƙwayoyin cuta irin su salmonela za su fi saurin kayar da shi, ga mutanen gida ma na iya ɗauka.

Me ba za a ba shi ba ko da shi kaɗai yake so?

Nan tausayi ke kai mutane ga ɓarna, kare ya ƙi ci sai a fara miƙa mishi duk abin da ke faranti. Albasa da tafarnuwa na fasa jajayen ƙwayoyin jininsa, ɗanye ko dafaffe ko gari duk ɗaya. Inabi da zabibi na iya kashe ƙoda. Cakulan guba ce gare shi, haka zailitol, wani abin zaƙi da ake sawa a cingam da wasu man gyaɗa na kwalba. Dafaffen ƙashi na tsagewa ya soki hanji. Kitse da fatar kaza da soye-soye na iya kumbura mishi fankiriyas, wani sashe a ciki da ke taimakawa wajen narkar da abinci, ciwo ne mai azaba da amai. Madara ma da yawansu zawo take sa su. Kuma don Allah kar a ba shi farasitamol ko ibufurofen wai don gaɓɓansa na ciwo, maganin mutane ne, akwai na karnuka daban.

In ɗura mishi da sirinji?

Kar ka yi sai likita ya nuna maka yadda ake yi. Abinci na iya bi ta hanyar numfashi ya sauka huhu ya zama namoniya, kuma karen zai fara gudun kwano da ma kai kanka. Akwai magunguna, maropitant na tsayar da tashin zuciya, mirtazapine da capromorelin na buɗe ciki, shi capromorelin ɗin an amince da shi ga karnuka a Amurka tun 2016 da sunan Entyce. Duk likita ne ke rubuta su bayan ya gano tushen matsalar.

Wurin cin ma yana da tasiri?

Sosai ma. Mai ciwon wuya ko gaɓɓai a ɗora mishi kwanon kan wani abu ya kai wajen ƙirjinsa, a shimfiɗa tabarmar roba a ƙasa don santsin tayil na sa ƙafafunsa su riƙa zamewa, in kuma ya fi son ci a kwance a bar shi. Faffaɗan faranti ya fi kwano mai zurfi. In akwai wasu karnuka a gidan a ware shi, don matasan za su ture shi ya haƙura ya bar musu. Wanda idonsa ya yi rauni, ko wanda ruɗewar tsufa ta fara kamawa har yakan tsaya a lungu ya rasa inda za shi, kar a riƙa canza mishi wurin kwano ko lokacin ci. Irin wannan wani lokacin mantawa yake da ma abinci ya zo ci, sai ka kai shi gaban kwanon, ka ɗan shafa mishi loma ɗaya a leɓe ka zauna kusa da shi, da ya lasa sai ka ga ya sa baki ya ci gaba da kansa.