Masu shan jinin da duniya ta ishe su: tambayoyi kan fim ɗin Only Lovers Left Alive

Fim ɗin ban tsoro ne?

Wanda ya zauna yana jiran ihu da guje-guje, barci zai ɗauke shi. Jim Jarmusch, darakta ɗan Amurka, ya fito da shi a 2013, aka fara haska shi a bikin finafinai na Cannes a Faransa. Tom Hiddleston ne Adam, Tilda Swinton kuma Eve, mata da miji da suka shafe ɗaruruwan shekaru ba su mutu ba. Jini ne abincinsu, sai dare ya yi suke fita.

Mayu ne ke nan?

A'a. Maye kurwa yake kamawa. Waɗannan daga tatsuniyoyin Turai suka fito.

To wa suke ciza?

Sun daina. Adam kan saka rigar likita da takunkumi, ya shiga asibiti cikin dare, ya miƙa wa wani likita damin kuɗi, ya karɓo jini mai tsabta. A ɗan ƙaramin kofi suke kurɓarsa, Eve har daskarar da shi ta yi a jikin tsinke suna tsotsa kamar alawa. Tsoro ne ya kawo haka: jinin mutanen zamani ya gurɓace. Irin wannan jinin ne ya kashe abokinsu Christopher Marlowe, marubucin Ingila da tarihi ya ce ya rasu a 1593, amma fim ɗin ya raya shi cikin raha.

Mutumin da ba ya mutuwa, me zai dame shi?

Nan ne fim ɗin ya fi daɗi a wurina. Adam makaɗi ne, ya ƙulle kansa a wani tsohon gida a birnin Detroit na Amurka, ko'ina gita da fayafayan garmaho da wayoyin lantarki. Ya ga yadda aka yi watsi da masana irin su Galileo da Nikola Tesla, ga ruwa an lalata, har ya koma kallon mutane a matsayin gawarwaki masu yawo. Abin ya kai ya sa aka ƙera masa harsashin katako, wanda zai iya kashe irinsa. Garin ma ya dace da halinsa. Detroit tana da mutum kusan miliyan 1.8 a 1950, a 2010 ba su fi dubu 714 ba, kuma a 2013 ta ayyana tsiyacewa. Akwai inda ya kai Eve tsohon gidan kallo na Michigan, rufinsa mai ado yana nan, ƙasa kuwa an mai da shi wurin ajiye motoci.

Ita Eve fa?

Ta girme shi, amma ba ta ƙosa ba. Da za ta baro Tanja ta Maroko, littattafai ta cika akwatunanta da su. Ta tarar da harsashin, ta yi masa faɗa, sannan ta ja shi rawa.

Ya cancanci kallo?

In kana da haƙuri. Tafiyarsa a hankali take, kuma ƙorafin Adam wani lokaci yakan koma na tsohon da komai sai ya ce na da ya fi. Sai ƙanwar Eve, Ava, ta iso daga Los Angeles sannan gidan ke hargitsewa. Kiɗan Jozef van Wissem ya riƙe fim ɗin, haka ma waƙar Larabci da Yasmine Hamdan 'yar Lebanon ta rera a wani ɗan shago a Tanja, inda Adam da Eve suka koma daga baya, Adam na tsaye bakin ƙofa, yunwa na neman kayar da shi, amma ya kasa tafiya.