Warin kulorin da kake ji a ruwan famfo, ƙa'ida ce ta ce sai an bar shi

Da yawanmu in muka buɗe famfo muka ji wannan ɗan warin maganin sai mu yamutsa fuska, mu ce yau ma'aikatan ruwa sun cika hannu. To ni dai ruwan famfon da ya fi ba ni tsoro shi ne wanda ba alamar kulorin, maganin da ake sawa ya kashe ƙwayoyin cuta, a cikinsa ko kaɗan, bari in faɗi dalili.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana da kundin ƙa'idojin ruwan sha, bugu na huɗu ya fito a 2011. Shi kansa kundin ba doka ba ce da za a kai mutum kotu a kanta, kowace ƙasa ce take ɗaukar abin da ke ciki ta zuba a dokarta, amma kusan duk dokar ruwan da za ka karanta za ka tarar da alƙaluman kundin ko masu kama da su. Kuma ba a ce don gari ƙarami ne mai matata guda da ma'aikata ƙalilan a yi masa rangwame kan ƙwayar cuta ba.

Uwar ƙa'idojin ita ce a ɗebi mililita 100 na ruwan, wajen rabin kofi ke nan, a gwada, kada a samu ƙwayar E. coli ko ɗaya. Ita wannan ƙwayar a hanjin mutum da dabba take zama, saboda haka in an gan ta a ruwa to kashi ya shiga ruwan, kuma hanyar da ta biyo ita ce kwalara da taifot za su biyo.

Yadda ake kaiwa ga haka a matata ba wani abu ne mai wuyar ganewa ba. Ruwan kogi ko dam yana zuwa jajir da laka, sai a zuba masa alam a gauraya, ƙananan dattin da ke yawo su dunƙule su zama ɓarɓashi kamar auduga, a bar ruwan a ƙaton kwarami su kwanta ƙasa, na saman ya bi ta cikin yashi da tsakuwa ya fito garai. Sai an gama wannan ake sa kulorin, domin in ruwan da dagwalo ƙwayar cuta tana laɓewa a jikin datti maganin bai kai gare ta ba. Garin da ke ɗebo ruwa daga rijiyar burtsatse mai zurfi sau da yawa ba ya buƙatar alam da yashin, kulorin kawai ake sawa.

Nan ne wurin da nake so a tsaya a kai. Kundin ya ce bayan ruwa ya zauna da kulorin aƙalla minti 30, ragowar maganin da ke cikinsa ya kai miligiram 0.5 a kowace lita, sannan lokacin da ya iso famfon gida kada ya gaza 0.2. Iyakar sama kuma miligiram 5 ce, wato ɗan warin da muke ƙorafi a kai yawanci bai ko kusanci iyakar ba. Me ya sa sai an bar ragowa? Saboda ruwa yana da doguwar tafiya bayan ya bar matata, tanki, babban bututu, ƙaramin bututu, wani ya tsufa ya tsage, wani ya bi ta gefen kwata, kuma in aka ɗauke ruwa bututun ya zama fanko sai ya riƙa zuƙo ruwan da ke kewaye da shi ta wannan tsagar. Wannan 0.2 ɗin shi ne mai gadin da ke rako ruwan har ƙofar gida. Shi ya sa gwajin da aka yi a bakin matata kaɗai bai isa ba, dole a je can ƙarshen layi, gidan da ya fi kowane nisa, a gwada a nan ma.

Akwai wani gari a Kanada, Walkerton, mutanensa wajen 5,000. A watan Mayun 2000 aka yi ruwan sama mai ƙarfi ya wanko kashin shanu daga wata gona zuwa ɗaya daga rijiyoyin garin. Masu kula da ruwan ba sa auna ragowar kulorin kullum yadda aka ɗora musu, alƙaluma kawai suke cikawa a littafi. Mutum bakwai suka mutu, sama da 2,300 suka kwanta da gudawa, wasu har da jini. Wallahi duk sanda na tuna cewa gwajin da aka tsallake ɗin bai wuce a ɗiga ruwa a 'yar kwalba a jefa ƙwayar gwaji a duba launin da ya koma ba, raina ɓaci yake. Bayan bincike ne lardin Ontario, inda garin yake, ya kafa sabuwar dokar ruwan sha a 2002.

Kulorin fa ba ya cire guba, wannan wani babi ne daban. Dalma da gubar arsenik iyakarsu a kundin miligiram 0.01 a lita, sinadarin fuloraid 1.5, naitiret da takin gona ke kawowa 50, kuma tafasa ruwa ba ya rage ko ɗaya a cikinsu.

In ruwa ya dawo bayan an daɗe da ɗauke shi, ka bar na farkon ya zuba har ya washe kafin ka tara na sha, in kuma ya ƙi washewa ka tafasa. Sannan ka je ofishin ruwan garinku ka tambaya yaushe aka auna kulorin a unguwarku kuma nawa aka samu, in suna aunawa amsar tana nan a littafinsu.