Waiwaye: Tsangayar Aikin Gona ta Yamai da Bashin da Manoma ke Bin ta

Duk wanda ya ƙetare gadar Kennedy zuwa Harobanda zai tarar da gine-ginen Jami'ar Abdou Moumouni, ciki har da na tsangayar aikin gona. A 1971 aka buɗe cibiyar ilimi mai zurfi ta Yamai, ta zama jami'a a 1973, daidai lokacin da fari ya cinye dabbobi, rumbuna suka koma wayam. Wannan farin shi ya tilasta komai. Ƙasashen Sahel suka kafa ƙungiyar yaƙi da fari ta CILSS a 1973, cibiyar AGRHYMET mai lura da damina ta zauna a Yamai a 1974, cibiyar INRAN ta binciken noma ta biyo baya a 1975. Makarantar koyon aikin gona ta jami'a a wannan zamanin ta tashi, daga baya aka ɗaga ta zuwa tsangaya.

Abin da ƙasa take nema a fili yake: ƴan ƙasa waɗanda suka san awon fili, haƙa magudanar ruwa, gina madatsa da gyaran injin ban ruwa. Da aka kafa hukumar ONAHA a 1978 don kula da fadamun shinkafa irin na Saga da Kirkisoy, buƙatar ta ƙaru. Makarantar horon aikin gona ta Kollo tana ba da malaman gona, amma manyan injiniyoyi da yawa sai an tura su waje karatu.

A nan ne nake ganin an bar baya da ƙura. An yi ƙoƙari wajen binciken iri da ƙasar noma, sai dai ɓangaren kayan aiki bai samu gatan da ya kamata ba. Har gobe manomin hatsi da sungumi yake shuka, da hauya yake noma, mata kuma suna sussuka a turmi har tafin hannu ya yi kanta.

A 1992 aka sa wa jami'ar sunan Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa, masanin hasken rana da ya jagoranci hukumar makamashin rana ta ONERSOL, inda aka riƙa ƙera na'urorin dafa ruwa da zafin rana a nan gida. Yau masu noman rani sun rungumi famfon sola, amma daga waje ake shigo da shi, kuma in ya lalace a garka, mai gyara sai an nemo shi daga birni.