Wa ke iya fita waje? Amsar tambayoyin da na gaji da ji

Kullum tambayoyin nan ake maimaita mini. A karanta kafin a sake tambaya.

Talaka zai iya zuwa Turai ta halaliyar hanya?

Da wuya. Wanda ya fi buƙatar fita shi ƙofar ta fi rufe wa. Jamus ta sa ɗalibi ya ajiye Yuro 11,904 a asusun da ake kullewa kafin ta ba shi biza. Mai wannan kuɗin ba yunwa ce ta koro shi ba.

In an hana ni biza, za a mayar mini da kuɗina?

A'a. Dala 185 na bizar ziyarar Amurka sun tafi, ko da hirar ba ta kai minti biyu ba.

Wani dillali ya ce yana da hanya a ofishin jakadanci.

Ƙarya yake yi. Riƙe fasfonka.

Zan iya aron kuɗi in zuba a asusuna a gani, in mayar daga baya?

Nan nake ji muku tsoro. Ya danganta da ƙasar da kuma wanda ya ba ka. A bizar ɗalibi ta Birtaniya, dole kuɗin su kwana 28 a jere a asusu, ba su ragu ko da rana ɗaya ba. Ana karɓar asusun mahaifi ko mahaifiya, in ka haɗa da takardar haihuwa da wasiƙar amincewarsu. Rancen karatu mai takarda shi ma yakan shiga. Kwantar da hankalinka in naka irin wannan ne. Amma kuɗin abokin da zai karɓe abinsa rana ta 29 fa? Ba zan ce ba a taɓa tsallakewa da shi ba. To ka tsallake, ka sauka da akwati ɗaya, kuɗin haya na jira, doka kuma ta ce awa 20 kacal za ka yi aiki a mako lokacin karatu. Da me za ka ci? Takardar banki ta jabu kuwa kada ma ka soma, tana iya jawo maka haramcin shekara 10.

To in bi ta hamada da teku?

Don Allah kar ka yi. Hukumar ƙaura ta duniya, IOM, ta ƙirga mutum fiye da 8,500 da suka mutu a hanyoyin ƙaura a faɗin duniya a 2023. Masu fasa-ƙwaurin ma ba kyauta suke ɗauka ba.

Zan tafi da iyalina?

Tun Janairun 2024 Birtaniya ta hana yawancin ɗalibai zuwa da iyali, sai masu karatun bincike irin na digirin digirgir ko waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Ku zauna da matarka ku yi wannan maganar kafin ka biya kuɗin makaranta.