Awon haske da madannin +/- a kyamarar dijital

Awon haske, wanda masu hoto ke ce wa eksfosha, shi ne yawan hasken da ke sauka kan sensar kyamara, wato ɓangaren da ke karɓar hoto a cikinta, lokacin da aka danna. In ya yi yawa hoto ya ƙone ya fito fari fat, in ya yi kaɗan sai duhu, ko fuska ba a ganewa. Abu uku ke riƙe da shi: ƙofar lensi, saurin shata, sai ISO.

Ƙofar lensi da lambar f ake auna ta, f/2.8, f/4, f/5.6, f/8, f/11, f/16, kuma nan sabbin shiga ke ruɗewa don ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Shata kuwa, wato labulen da ke buɗewa haske ya shiga ya sake rufewa, lokaci ne da ake aunawa da ɓangaren daƙiƙa, hasken da 1/125 ke bari ya shiga ninki biyu ne na 1/250. ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, shi ma haka yake ninkawa, 100, 200, 400, amma in aka hau su 6400 hoto sai ya fara yin tsakuwa-tsakuwa. Kowane ninki ɗaya na haske shi ne mataki ɗaya, sitof kenan a bakin 'yan sana'a.

To inda gizo ke saƙar shi ne mitar da ke cikin kyamara. Tana auna hasken da ya dawo daga abin da aka saita, kuma an gina ta ne ta ɗauka komai ruwan toka ne matsakaici, irin wanda ke maido da wajen kashi 18 cikin 100 na haske. Ita ba ta san farar shadda ba. Ranar Sallah a Agege maza sun jeru da fararen kaya sababbi dal rana kuma ta take, mita na ganin fari ya cika sai ta rage haske, shaddar da aka zuba wa kuɗi ta fito kamar ta sha wanki goma, fuskoki kuma su nutse don dama fatarmu ba mai maido da haske da yawa ba ce. Amarya da baƙin leshi a ɗakin taro mai duhu kuwa akasin haka ne, mita ta ƙara haske, baƙi ya koɗe, goshi ya yi ta ƙyalli.

Madanni mai alamar +/- shi ne maganin wannan. Da shi mai hoto ke ce wa kyamara ƙara kan lissafinki ko rage. Yawanci yana tafiya da sulusin mataki, +0.3, +0.7, +1, wasu kyamarori su tsaya a 3 wasu su kai 5 ta kowane ɓangare. Fari ya yi yawa, a ƙara +1 ko fiye. Duhu ya yi yawa, a rage. Kunne bai cika yarda da wannan ba da farko, amma haka abin yake. Mutum a bakin teku a Lekki, ruwa da sama na haske ta bayansa, shi ma ƙari yake so, haka ranakun damina da saman Legas ke yin fari fes da gajimare.

Madannin yana aiki a tsarin ɗauka na P, inda kyamara ke zaɓar ƙofa da shata da kanta, da A da S na Nikon, waɗanda Canon ke rubutawa Av da Tv. A Av shata yake taɓawa ya bar ƙofa yadda aka sa ta, a Tv kuma ƙofar yake taɓawa. A M, inda mai hoto ke saita ƙofa da shata da hannunsa, ba ya canza hoto sai in ISO na kan otomatik. Waya ma tana da shi, a iPhone in aka taɓa allo wata 'yar rana ke fitowa, a ja ta sama ko ƙasa.

Allon bayan kyamara ba abin yarda ba ne cikin rana, gara a duba histogiram, wannan zanen mai kama da tsaunuka. In ya taru ya manne a bangon dama, farin ya ƙone, kuma zaren aikin wuyan riga da ya ƙone ba ya dawowa a kwamfuta, duhu ne ake iya ɗagowa musamman in da RAW aka ɗauka, wato ɗanyen fayil ɗin da kyamara ba ta sarrafa ba. Kyamarori da yawa kuma ba sa komawa sifili ko an kashe su, wanda ya bar +1.3 daga filin Idi da shi zai shiga walimar dare.