Mataimakin likitan gashin ƙashi a Amurka

Mataimakin likitan gashin ƙashi, wanda a Amurka ake taƙaita sunansa da PTA, ma'aikacin lafiya ne da ke aiwatar da jinyar motsa jiki a ƙarƙashin likitan fisiyo, wato likitan gashin ƙashi. Likita ne ke duba majinyaci ya rubuta tsarin jinya, shi kuma mataimaki ya bi tsarin, ya auna ci gaba, ya kai rahoto. Ba huruminsa ba ne ya sauya manufar jinyar. Sunan "gashin ƙashi" ma bai ɗauke aikin duka ba, domin gashi ɗan ɓangare ne kawai, atisaye ya fi yawa.

Tarihi

Sana'ar fisiyo ta kafu a Amurka lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, inda aka horar da mata don farfaɗo da sojojin da suka jikkata. A 1921 suka kafa ƙungiyarsu, Mary McMillan ce shugabarta ta farko, kuma ƙungiyar ce daga baya ta zama APTA, wato ƙungiyar likitocin fisiyo ta Amurka. Annobar shan inna ta ƙara musu nauyi, musamman a 1952 da cutar ta kama kusan mutum 58,000. Da aka kafa inshorar tsofaffi ta Medicare a 1965, majinyata suka fi ƙarfin likitocin da ake da su. Wannan ƙarancin hannu ne ya haifi muƙamin mataimaki: APTA ta amince da shi a 1967, kwalejoji biyu suka fara koyarwa a wajajen lokacin, Miami-Dade a Fulorida da St. Mary's a Minesota, rukunin farko ya kammala a 1969. A yau karatun kimanin shekara biyu ne, sai jarrabawar ƙasa.

Kalmomin aiki

Iyakar motsin gaɓa ita ce nisan da gaɓa ke lanƙwasuwa ko miƙewa, ana auna ta da digiri da wani ma'auni mai suna goniyomita. Majinyaci na iya motsawa da kansa, ko da ɗan tallafi, ko a motsa masa gaba ɗaya. Ƙarfin tsoka kuwa maki ake ba shi daga 0 zuwa 5: 0 babu ko ɗan motsi, 3 ɗaga gaɓa ba tare da an danne ta ba, 5 cikakken ƙarfi. Bayan karaya ko tiyata akwai umarnin ɗora nauyi, wato ko kada ƙafa ta taka sam, ko ta taɓa ƙasa kawai, ko ta ɗauki wani kaso, ko gwargwadon juriya. "Sauyin wuri" na nufin tashi daga gado zuwa keken guragu da makamantansa.

Wuraren aiki

A babban asibiti aikin na 'yan kwanaki ne, a tayar da majinyaci ya zauna, ya tsaya, ya ɗan taka. Sashen farfaɗowa na kwanciya ya fi tsanani, galibi awa 3 a rana, kwana 5 a mako, ga masu shanyewar ɓarin jiki da raunin laka. Akwai gidajen jinyar tsofaffi, da asibitocin je-ka-ka-dawo, da jinyar gida, da makarantu.

Kulawa da biya

Dokar jihohi ta bambanta kan ko dole likita ya kasance a wurin, ko ya isa a same shi ta waya. Tun 2022 Medicare ke biyan kashi 85 cikin 100 kawai na kuɗin da take biya kan jinyar je-ka-ka-dawo idan mataimaki ne ya yi ta maimakon likita, abin da APTA ta yi adawa da shi.