Thelema: Aƙidar da Wani Bature Ya Ce An Yi Masa Shiftarta a Alƙahira

Mece ce Thelema, kuma wa ya zo da ita?

Kalmar ta Girkanci ce, ma'anarta nufi ko ƙuduri. Wanda ya mayar da ita aƙida shi ne Aleister Crowley, Baturen Ingila da aka haifa a 1875 ya mutu a 1947. Iyayensa Kiristoci ne masu tsananin riƙo da addini, shi kuwa tun yana saurayi ya bijire musu, ya rungumi tsafi da ilimin ɓoye.

Me ya faru a Alƙahira?

A 1904 Crowley yana Masar tare da matarsa Rose. Ya ce ita ce ta fara gaya masa cewa Horus, ɗaya daga cikin gumakan Misirawan dā, yana nemansa. Da suka je gidan tarihi na birnin, sai ta nuna masa wani tsohon allon kabari mai hoton gunkin, lambarsa a kundin gidan kuwa 666, lambar da Littafi Mai Tsarki na Kiristoci ya ba Dabbar ƙarshen zamani. Daga nan, a ranakun 8 da 9 da 10 ga Afrilu, kullum da tsakar rana yakan zauna na awa guda yana rubuta abin da ya ce wata murya mai suna Aiwass tana faɗa masa ta bayan kafaɗarsa. Abin da ya fito shi ne Littafin Doka, babi uku, kowanne da bakin wani abin bauta: Nuit, Hadit da Ra-Hoor-Khuit. Muryar dai ba wanda ya ji ta sai shi.

Da gaske suna cewa kowa ya yi abin da ya ga dama?

A nan mutane suka fi yi musu gurguwar fahimta. Babbar ƙa'idarsu ita ce aikata nufinka shi ne dukan doka. Amma su a wajensu nufi daban, son zuciya daban. Sun yi imani kowane mutum yana da wata manufa ta ainihi da ya zo duniya dominta, kuma aikinsa ya gano ta, ya bi ta, ya watsar da duk abin da ba ita ba. Suna kwatanta kowane namiji da mace da tauraro mai tafiya a kan turbarsa, ba ya karo da wani. Sai su ƙara da cewa ƙauna ita ce doka, amma a ƙarƙashin nufi.

Ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne: wa zai raba gardama? In mutum shi ne mai nema, shi ne kuma alƙali, ta yaya zai tabbatar ba zuciyarsa ce ta yi masa ado da sunan nufi ba? Wannan tambayar da nauyi take, domin rayuwar mutane ce a kai.

Yaya ibadarsu take?

Sau huɗu a yini suke gaida rana: da hudowarta su fuskanci gabas, da tsakar rana kudu, da faɗuwarta yamma, da tsakar dare arewa. Suna yin yoga da zaman tattara hankali, kuma kowa yana da littafin da yake rubuta ayyukansa na tsafi kullum. Akwai taron ibada na jam'i da Crowley ya tsara a Mosko a 1913. Gaisuwarsu a taƙaice "93" ce, saboda a lissafin haruffan Girkanci kalmar nufi da ta ƙauna kowacce 93 take bayarwa, irin dai yadda hisabin abjadi yake.

Me ya ɓata sunan Crowley?

Halinsa. Ya kira kansa Dabba mai lamba 666, ya kamu da shan hodar iblis da ta heroin, ya kuma shigar da jima'i cikin tsafinsa. A 1920 ya buɗe gidan mabiya a garin Cefalù da ke tsibirin Sisili. Bayan wani matashi almajirinsa ya mutu a can, jaridun Ingila suka yi masa ca, gwamnatin Mussolini ta kore shi daga Italiya a 1923.

Har yanzu akwai masu binta?

Akwai, ba su da yawa, galibi a Amurka da Turai. Ƙungiyarsu da ta fi shahara ita ce Ordo Templi Orientis (O.T.O. a taƙaice), kuma duk shekara suna bikin kwanaki ukun nan na Afrilu.